Kujerar da ke Gefen Oljas

Takardu uku ne suka iso makarantar ƙauyen Sarikol cikin mako guda, kuma babu wadda ta yarda da 'yar'uwarta. Ta farko ta ce an ƙara wa makarantar mataimakan aji, daga ɗaya zuwa biyu. Ta biyu ta ce an rage su daga ɗaya zuwa rabi. Ta uku kuwa cewa ta yi a manta da biyun farko, kwamiti na nan tafe ranar Alhamis ya gani da idonsa. Malam Jumabai, shugaban makarantar, ya jera su a kan tebur ya sa aka kira masa Togjan, tunda ita ce mataimakiya ɗayan da ake son mayarwa biyu ko rabi.

"Malam, shi rabin mutum yaya yake?" in ji ta.

"Abin da na tambaye su a waya ke nan, suka haɗa ni da wani, shi kuma ya haɗa ni da wanda na fara kira." Ya cire tabarau ya murza ido. "Abin da na iya tsinta shi ne, yara goma sha tara ke neman mataimaki a gundumar nan, gurabe kuma shida ne. Yanzu maki za a ba kowane yaro. Wanda ya kai goma sha biyu a bar masa mataimakinsa. Wanda bai kai ba..."

"Sai me?"

"In zai iya zaman aji shi kaɗai, ya zauna. In ba zai iya ba, ya koma gida, malami ya riƙa leƙa shi awa huɗu a mako."

Togjan ta san Oljas ba zai iya ba, Jumabai ma ya sani. Shekarunsa takwas, yana aji biyu, kalmomin bakinsa ba su fi a ƙirga ba. Shekara guda ke nan tana zaune a 'yar kujera a gefensa ta hagu. Ita ke danna masa babban yatsa a wuyan hannu idan jikinsa ya fara rawa, ita ke raba masa aikin allo gunduwa-gunduwa, ita ke kallon agogo ta rufe masa kunnuwa da tafukanta kafin a kaɗa ƙararrawa, don ƙarar na iya tura shi ƙarƙashin tebur har azahar. A shekarar nan ya koyi rubuta sunansa, ya kuma yi aboki guda, abin da duk gidansu suka ga ya isa a yanka rago.

"Ranar Alhamis ɗin," in ji Jumabai yana kallon silin, "kada ki cika ƙoƙari."

Ta ce to, ba don ta gane ba.

Akwai abin da duk Sarikol ta sani, ba kuma mai faɗa. Togjan ce ta haifi Oljas. Amma shi ne jika na farko a gidan, saboda haka ranar da ya cika kwana arba'in surukarta Kulpash ta ɗauke shi ta sa a ƙirjinta, ya zama autanta, kamar yadda aka yi wa ita Kulpash ɗin da nata ɗan farin. Tun da ya buɗe baki Kulpash yake kira Apa, uwa ke nan. Darken, mijin Togjan kuma mahaifinsa, ya koma yayansa. Togjan kuwa Jenge ce, matar yaya. A gida a ɗakin Apa yake kwana, a kwanon Apa yake ci, Togjan ba ta isa ta shafa kansa a gaban mutane ba, balle ta ce ɗana. Tana da 'yan mata biyu da ta haifa bayansa, waɗannan nata ne, ta rungume su son ranta. Shi kam sai daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, a kan 'yar kujerar nan, ta samu ta taɓa shi ba wanda ya ɗaga gira. Bara da aikin ya faɗo, Jumabai ya cike takardar da hannunsa, wajen da aka tambayi dangantakarta da yaron ya rubuta "matar yayansa". Ba ƙarya ya yi niyya ba. Abin da kunnensa ya shekara takwas yana ji ya rubuta.

Ranar Alhamis kwamitin ya iso, sai ga shi mace ɗaya ce da jakar kwamfuta. Sauran 'yan kwamitin biyu an tura su wata makaranta bisa wata takarda ta huɗu da ba ta zo Sarikol ba. Sunanta Malama Saltanat, doguwa, da alamar wadda ta kwana biyu tana shiga ƙauyuka ana cika ta da shayi. Ta zauna a bayan aji ta buɗe littafinta.

Togjan ta tuna maganar Jumabai, ta yi ta juya ta a ranta. Kada ta cika ƙoƙari, wato ta yi me? Tana cikin wannan tunani ƙafar Oljas ta fara rawa don ya ga baƙuwar fuska, kafin ta ankara yatsanta na kan wuyan hannunsa. Ya lafa. Malamar aji ta rubuta lissafi a allo, Togjan ta rufe rabin shafin da tafinta, ya yi na farko, ya yi na biyu. Saura minti ɗaya a tashi hannuwanta suka tafi kunnuwansa da kansu. Aka kaɗa ƙararrawa, yaro na zaune lafiya lau yana kallon fensirinsa. Bai taɓa yin rana mai kyau kamar wannan ba. Togjan ta juya da murna a fuskarta, sai ta hangi Jumabai a bakin ƙofa ya dafe kai, a nan ne ma'anar maganarsa ta faɗo mata.

An shimfiɗa tebur a ofishin shugaba, da soyayyen baursak mai kama da fanke da busasshen cuku da alewa. Kulpash ta iso da farin ɗankwalinta da rigar karammiski ta zuwa biki, ta zauna a kujerar da ta fi nisa da ƙofa ba tare da an nuna mata ba. Togjan ta tsaya wajen buta, don inda suruka take, nan aikin matar ɗa zuba shayi ne, ko da ofishin gwamna ne.

"Apa, ke ce mahaifiyar yaron?" in ji Saltanat.

"Ni ce uwarsa."

Saltanat ta dubi tsohuwar mai shekara sittin da bakwai, ta dubi takardarta, ta kurɓi shayi. "To. Yana iya sa kayansa da kansa?"

"Har ni yake ɗaure wa igiyar takalmi."

"Cin abinci fa?"

"Ki zo gidanmu ki gani, 'yata. Sai dai ki yi sauri kafin ya cinye naki."

"Magana?"

"Ba shi da surutu. Ubansa marigayi ma haka yake, shekara arba'in muna tare ban ji ya yi zance biyu a jere ba, kuma shi ke aske tumakin rabin ƙauyen nan."

Saltanat ta ɗaga kai. "Uban ya rasu? A nan an rubuta direban babbar mota ne."

"Wannan yayansa ne," in ji Kulpash.

Jumabai ya yi tari. "Apa, ki tuna dai ranar da aka yi bikin sabuwar shekara, da aka kunna lasifika, muka neme shi har..."

"Kai Jumabai, ni na share maka majina a ƙofar gidanku kana yawo ba wando. Yau kai ne za ka tuna mini da ɗana? Yaro ya gaji da haukar kiɗanku ya je ya huta, shi ne laifi?"

Shugaban makaranta ya mai da hankalinsa kan baursak. Kada wani ya ɗauka tsohuwar ba ta sani ba, ko ba ta damu ba. Babu mai son yaron nan kamarta a duniya. Amma a wurinta maganar da ta fita daga bakin uwa manne wa ɗa take yi, balle a rubuta ta a kai birni. Gobe ya girma a je nema masa aure, wani ya zaro takarda ya ce ga abin da uwarsa ta faɗa da bakinta. Gara a yanke mata harshe.

Saltanat ta haɗa lissafinta, ta sake haɗawa. "Ni fa kaina ya ɗaure. Takardar likita ta ce yaron ba ya iya zama minti goma. Na shiga aji na ga ya zauna arba'in. Uwa ta ce har takalmi yake ɗaure mata. Maki biyar nake da shi a nan."

"Madalla," in ji Kulpash. "Biyar ai ita ce ta ƙoli a makaranta. Na gaya muku."

"Apa, wannan ba irin waccan biyar ɗin ba ce. A nan wanda ya fi wahala shi ya fi maki."

"To ku ba 'ya'yan wasu. Nawa ba ya wahala."

"Hanya ɗaya ta rage," in ji Saltanat. "Ita ce: Uwa ta bayyana abin da ba ya iyawa, ta sa hannu, shugaba ya shaida. Ƙarfe huɗu na yau ake rufe karɓa."

Kulpash ta kife kofinta a kan faranti, ta naɗe hannuwa. An gama da ita ke nan.

Saltanat ta buɗe kwamfuta don ta shigar da biyar ɗin. Togjan na tsaye a bayanta da buta, ta ga ta tsaya cak tana kallon allon, ta daɗe. Daga nan ta rufe shi a hankali ta ce hannunta ya yi maiƙo, ko za a zuba mata ruwa a waje. Togjan ta ɗauki buta da tawul ta bi ta bayan ofis.

"Togjan nawa ne a ƙauyen nan?" in ji Saltanat tana murza hannu, ba ta ɗago ba.

"Ni kaɗai ce."

"Haka na zata. A takardar haihuwarsa sunanki ne." Ta karɓi tawul. "Kada ki tsorata. Ni ma 'yar kakata ce. Sai da na shiga aji shida wata yarinya ta gaya mini a wajen wasa cewa matar da ke mini kitso ita ta haife ni."

Togjan ba ta san ko ta ba da haƙuri ba ne ko ta yi godiya.

"Ki saurare ni da kyau, don ni ma sai da na karanta sau uku na gane. A wurin ofis ke ce uwa, sa hannun Apa ko ta yarda ba zai shiga ba. In kika sa hannu, kujerar nan ta tsaya. Amma ƙa'idarmu ta hana uwa zama mataimakiyar ɗanta, ranar Litinin wata za ta zauna a kai. In ba ki sa ba, ni ban ga komai a kwamfuta ba, ke matar yayansa ce, biyar ɗin kuma ta zauna, ya koma gida."

"Tsaya, Malama. In na ce ni ce uwarsa, a raba ni da shi. In na ce ba ni ba ce, a kore mu tare."

"Haka ne."

"To babu wadda zan zama in zauna?"

"Na duba. Babu."

"Me ya sa aka hana uwa?"

"Wai uwa ba ta barin yaro ya tsaya da ƙafarsa."

Togjan ta kusa yin dariya. Shekara takwas ba a bar ta ta zama uwa ba, yau rana ɗaya za a hukunta ta da laifin iyaye mata. "Darken fa? Uba ba ya sa hannu?"

"Yana ina?"

Yana kan hanyar garin Aktau da lodin siminti, inda waya ba ta kamawa sai jibi. Ta gwada duk da haka, sau biyu, wata murya ta gaya mata a sake kira an jima. Ƙarfe uku saura kwata. Ta tsaya da buta a hannu, gaba kura baya sayaki, tana ƙoƙarin ta lissafa abin yadda ake lissafi ya ƙi lissafuwa. Ta hango Oljas a ɗakin Apa daga safe har yamma yana jera cokula a kan darduma, kamar yadda yake yi kafin ya shiga makaranta, sunan da ya koya yana zubewa harafi bayan harafi. Ta hango kuma wata baƙuwa a kan kujerarta, wadda ba ta san wane wuyan hannu ake dannawa ba. Duka biyun sun yi mata ciwo, amma na farkon ya fi, kuma ta ji haushin kanta da ta gane hakan da wuri haka.

Suka koma ciki. Togjan ta ajiye butar a kan murhu, ta jawo kujera ta zauna a teburin. Jumabai ya bar tauna. Matar ɗa ta zauna surukarta na zaune, ba a ce mata zauna ba.

"Ki yi tambayoyin daga farko," in ji ta. "Ni zan amsa."

"A matsayin wa?" in ji Saltanat, don dole ta tambaya a gaban shaida.

Togjan ba ta kalli ɓangaren tsohuwar ba. "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Kalmar ta yi mata nauyi a baki kamar ta aro ta. Kulpash ta juya fuskarta ga bango inda aka rataye taswira, ta kafe ta da ido.

Saltanat ta fara. Yana sa kaya da kansa? Riga kawai, in ba ta da maɓalli. Yana zuwa bayan gida shi kaɗai? Sai an raka shi an tsaya a ƙofa. Yana tsallaka titi? Ba ya duba mota. In ya firgita me yake yi? Yana cizon hannunsa, ga tabon nan a dama. Kowace amsa Togjan ji take kamar tana tuɓe yaron a tsakiyar kasuwa, ta kuma fahimci abin da tsohuwar ke gudu, ta fahimce shi sarai. Amma ta ci gaba.

"Barci fa? Yana farkawa?"

A nan ta tsaya, don ba a ɗakinta yake kwana ba. Abin da take ji ta bango kawai ta sani. "Sau biyu, ina jin."

"Uku."

Kulpash ce. Ba ta juyo daga taswirar ba.

"Sau uku yake tashi. Na ukun ba ya kuka, shi ya sa ba kya ji. Zama yake yi yana buga kansa a jikin gado har sai na sa hannuna a tsakani." Ta ja numfashi. "Rubuta uku, 'yar birni. Tunda an fara, a rubuta daidai."

Saltanat ta rubuta uku. Ta haɗa lissafi, goma sha huɗu. Togjan ta sa hannu a layin uwa, Jumabai ya sa nasa a ƙasa ya buga hatimi har sau biyu don na farkon bai fito ba. Ƙarfe uku da rabi saƙon ya tafi.

"Wa za a turo?" in ji Jumabai.

"Akwai wata a makarantar ƙetaren kogi, ta iya aiki. Yaronta bai kai maki ba jiya."

"Me ya same shi?"

"Kakarsa ta yabe shi," in ji Saltanat tana zuge jakarta. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba don a yi ta faɗa ba.

Oljas na zaune a ɗakin malamai tun da aka tashi, an ba shi kwalin alli yana jerawa. Kulpash ta shiga ta sa masa hula ta kamo hannunsa, Togjan ta ɗauki jakarsa. Suka fito harabar makaranta. Togjan na biye tana jiran faɗa, tana ma fatan a yi shi a wuce wurin. A bakin ƙofar shinge Kulpash ta tsaya. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Kin faɗa a gaban hukuma, an buga hatimi. Ni ba na jayayya da hatimi." Ta miƙo hannun yaron. "Riƙe ɗanki."

Togjan ta rasa abin yi. Shekara takwas tana mafarkin wannan, ba ta taɓa zaton a bakin titi zai zo ba, ga matan ƙauye biyu na wucewa da bokitai suna rage tafiya. Ta miƙa hannu ta kama nasa.

Oljas ya dubi hannun, ya dubi shingen makaranta da ke bayansu, ya dubi hanyar gida. Fuskarsa ta rikice. Ya zare hannunsa a hankali, ba da faɗa ba, ya mayar cikin na tsohuwar, sannan ya yi mata bayani yadda ake yi wa wanda ya manta abu mai sauƙi.

"Jenge a aji. Apa a gida."

Kulpash ta gyara masa hula.

"Jenge a aji," ya sake faɗa, yana neman Togjan ta tabbatar masa.

Gobe Juma'a, tana da sauran rana ɗaya, saboda haka ba ƙarya ba ce tukuna. "E," in ji Togjan. "Gobe a aji."

Ya gamsu, ya ja Apa suka kama hanya. Togjan ta gyara jakarsa a kafaɗa ta bi bayansu.